Windows, macOS ko Linux: wacce ta fi iya haɗa fiyano da manhajar kiɗa?

A yawancin situdiyoyin kiɗa na Kano da Kaduna da Jos, aikin waƙa yana farawa ne daga fiyano, galibi samfurin Yamaha PSR, wanda aka jona da kwamfuta ta wayar USB. Makaɗi yana taɓa maɓallai, manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase tana karɓa tana adanawa, kuma muddin aiki yana tafiya babu mai tunawa cewa akwai wani abu tsakanin yatsa da lasifika. Sai ranar da manhajar ta ƙi ganin fiyanon, ko sauti ya riƙa fitowa bayan an riga an ɗaga yatsa, sannan a shiga zargin waya, a zargi fiyano, a zargi manhaja. Sau da yawa babu mai laifi a cikinsu. Abin da ke tsakani shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wato Windows ko macOS ko Linux, kuma kowacce daga cikin ukun tana da tata amsa ga tambaya guda: wa ke riƙe da ƙofar da fiyano ke shigowa ta cikinta? Duk mai shirin sayen kwamfuta domin kiɗa yana da kyau ya san amsoshin nan uku kafin ya fitar da kuɗinsa.

Harshen da fiyano ke magana da kwamfuta da shi ana kiransa MIDI, kuma ya girmi mafi yawan masu amfani da shi a yau. An fara nuna shi a bainar jama'a a watan Janairun 1983 a bajekolin NAMM da ke Amurka, inda aka haɗa Prophet-600 na kamfanin Sequential Circuits da Jupiter-6 na Roland, bayan ƙoƙarin da Dave Smith da Ikutaro Kakehashi suka jagoranta na samar da ƙa'ida ɗaya ga kamfanonin da ke gogayya da juna. MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. Umarni kawai yake kaiwa: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, a tasha kaza, an kuma sake shi. Tasoshin 16 ne a kowace ƙofa, ƙarfin dannawa kuma ana auna shi daga 0 zuwa 127. Tsohuwar wayar mai baki zagayayye da allura biyar tana tafiyar da ɗigon bayani 31,250 a sakan, wanda ke nufin saƙon danna maɓalli ɗaya yana ɗaukar kusan milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A 1999 aka fitar da ƙa'idar tafiyar da MIDI ta USB, kuma duk na'urar da ta bi wannan ƙa'ida ta bai-ɗaya tana aiki a manyan manhajojin uku ba tare da an saka mata direba na musamman ba, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura. Wannan batu na bin ƙa'ida ko ƙin binta zai dawo mana sau da yawa, domin rabin matsalolin da ake fuskanta daga nan suke tasowa.

Kafin a shiga kwatance dole a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Jinkirin da makaɗi ke ji tsakanin danna maɓalli da fitowar sauti ba daga MIDI yake zuwa ba, sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Daga ɓangaren sauti yake zuwa, domin kwamfuta ba ta fitar da sauti gutsure ɗaya-ɗaya, tara shi take yi a wani ɗan ma'aji da ake kira bafa, ta miƙa shi a dunƙule. Idan ana aiki da gutsure 44,100 a sakan, bafa mai cin 256 tana jawo jinkirin kusan milisakan 5.8, mai cin 512 tana jawo 11.6, mai cin 1,024 kuma ta haura 23, ban da abin da akwatin sauti, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta ta kuma fitar da shi, da direbansa ke ƙarawa. Sauti a iska yana cin mita ɗaya cikin kusan milisakan uku, don haka jinkirin milisakan shida tamkar zama ne mita biyu daga lasifika, babu mai damuwa da shi, amma idan ya haura ashirin hannun makaɗi yakan fara rikicewa, musamman a kiɗan ganga mai sauri. Saboda haka kowacce daga cikin manyan manhajojin nan uku sai an auna ta ta fuska biyu: yadda take karɓar umarnin fiyano, da yadda take fitar da sautin da umarnin ya haifar.

A macOS, babbar manhajar ce da kanta ke riƙe da ƙofa. Tun farkon Mac OS X kamfanin Apple ya gina wani sashe mai suna Core MIDI, wanda ke zaune a bayan fage yana karɓar duk saƙon da ya shigo daga kowace na'ura, yana rarraba shi ga duk manhajar da ta nuna tana so. Babu manhajar da ke mallakar fiyano ita kaɗai. Mutum zai iya buɗe Logic Pro da Ableton Live da wata ƙaramar manhajar gyara sautukan fiyanon a lokaci guda, dukansu su ji maɓalli ɗaya. Kowane saƙo yana zuwa da hatimin lokacin da ya iso, kuma manhaja na iya miƙa saƙonnin da za a aika wa na'ura tun kafin lokacinsu ya yi, ta bar wa Core MIDI aikin sakinsu daidai kan lokaci. Wannan yana da muhimmanci ga wanda ke son kwamfuta ta riƙa kaɗa fiyano na waje, domin ko manhajar ta ɗan shagala da wani lissafi, saƙon ya riga ya bar hannunta.

Akwai kuma wata ƙaramar manhaja da ke zuwa da kowace Mac, Audio MIDI Setup, inda ake ganin hoton duk na'urar da aka taɓa jonawa, har da wadda aka cire, kuma tana tuna sunanta. A cikinta ne ake kunna IAC Driver, wanda ke ƙirƙirar ƙofofin cikin gida da manhaja ɗaya za ta aika wa wata saƙo ba tare da waya ba. A cikinta ne ake tura MIDI ta hanyar sadarwar kwamfutoci, abin da Apple ya saka tun 2005, da kuma ta Bluetooth, wanda ya zo a 2014. Ta fuskar sauti ma haka labarin yake: Core Audio yana ba da ƙaramin jinkiri ko da lasifikar cikin kwamfutar ake amfani da ita, kuma yana barin a haɗe akwatunan sauti biyu su zama kamar ɗaya. A ganina, ta fannin haɗa kayan kiɗa zalla, macOS ce ta fi sauran sauƙi tsawon shekaru ashirin, kuma wannan ba abin musu ba ne.

Tsadarta kuma ba a farashin saye kaɗai take ba. Apple yana sabunta manhajar duk shekara, kuma ba ya jinkirin yanke abin da ya tsufa. Da fitowar macOS Catalina a 2019 duk tsofaffin manhajoji masu tsarin ɗigo 32 suka daina aiki, ciki har da fulogin, wato ƙananan manhajojin sauti da ake ɗorawa cikin manhajar kiɗa, da manhajojin gyara sauti da masu su ba su sabunta ba. Da aka koma kwakwalwar kwamfuta ta Apple mai suna M1 a ƙarshen 2020, duk na'urar da ke dogaro da direba na musamman ta koma jiran kamfaninta ya sake rubuta shi, waɗansu kuma ba a taɓa sake rubutawa ba. Sababbin kwamfutocin hannu na Mac ba su da faffaɗan ramin USB na da, sai ƙaramin nan na USB-C, don haka sai an nemi mahaɗi kafin a jona fiyano, kuma ba a iya ƙara musu ma'ajin aiki, wato RAM, bayan an saya. Wanda ke da tsohon akwatin sauti mai direbansa, wajibi ne ya duba shafin kamfanin ya ga ko yana tafiya da macOS ɗin da zai saya, tun kafin ya saya.

Windows ita ce ta fi buƙatar dogon bayani, domin ita ce a gaban mafi yawan makaɗanmu, kuma ita ce tarihinta ya fi sarƙaƙiya. Hanyar da mafi yawan manhajojin kiɗa ke bi su karɓi MIDI a Windows ta samo asali ne tun 1991, zamanin Windows 3, kuma a wannan tsari manhajar da ta fara buɗe ƙofa ita ke riƙe da ita har sai ta rufe. Idan FL Studio ta kama fiyano, Cubase ba za ta same shi ba. Idan ƙaramar manhajar gyara sautuka ta riga ta buɗe, babbar manhajar za ta nuna sunan fiyanon amma babu abin da zai shigo, ko ta ce ta kasa buɗe na'urar. Har manhajar shiga intanet ta Chrome, wadda ta fara fahimtar MIDI tun 2015, tana iya riƙe ƙofar idan akwai wani shafi a buɗe da ya nemi izinin amfani da ita, kuma mutum zai daɗe yana neman dalili bai kawo wannan a ransa ba. Maganin gargajiya shi ne a jona fiyano a kunna shi tukuna, a rufe duk abin da ba a buƙata, sannan a buɗe manhajar kiɗa. Waɗansu kamfanoni sun rubuta nasu direbobin da ke barin manhajoji da yawa su raba ƙofa ɗaya, kuma wannan na daga cikin dalilan da ya sa yake da kyau a saka direban kamfani a Windows ko da na'urar tana aiki ba tare da shi ba.

Matsala ta biyu ita ce ta suna. Windows takan ɗauki na'urar da aka cire daga wani ramin USB aka mayar wani a matsayin sabuwa, ta ƙara mata lamba a gaban sunanta, sai manhajar kiɗa ta kasa gane cewa fiyanon jiya ne, duk saitin da aka yi ya koma sai an sake. A tsohon tsarin akwai gurabe goma kacal a rajistar Windows na direbobin MIDI irin na da, kuma direbobi irin na Korg suna cin gurbi duk lokacin da aka sauya rami, har guraben su cika na'urar ta ɓace gaba ɗaya, dalilin da ya sa kamfanin yake haɗa direbansa da wata manhajar share tsofaffin gurabe. Shawarar da ta fi kowacce arha ita ce a ware wa fiyano rami ɗaya, a yi masa alama, kada a sauya. Haka nan tsohuwar Windows ba ta zuwa da ƙofofin cikin gida ko MIDI ta hanyar sadarwa, sai an sauko da loopMIDI da rtpMIDI, waɗanda Tobias Erichsen ya rubuta, kuma sun daɗe suna rufa wa masu kiɗa asiri. A 2015 Microsoft ya kawo sabuwar hanya tare da Windows 10, a 2016 ya ƙara mata Bluetooth, amma manhajoji kaɗan ne suka karɓe ta, irin su Cakewalk da Cubase, saura suka ci gaba da tsohuwar.

Ta fuskar sauti kuwa, Windows ba ta ba masu kiɗa abin da suke buƙata daga cikinta ba, sai kamfanin Steinberg, mai Cubase, ya cike giɓin da tsarin ASIO a 1997, wanda ke barin manhaja ta yi magana da akwatin sauti kai tsaye. Akwatin sauti mai kyau, wanda 'yan situdiyo ke kira sawun-kad, yana zuwa da direbansa na ASIO, kuma da shi Windows tana kai wa ƙaramin jinkirin da Mac ke kaiwa ba tare da wani bambanci da kunne zai ji ba. Wanda ba shi da akwatin yakan koma ASIO4ALL na Michael Tippach, wanda ke rage jinkiri amma yakan kame sautin kwamfutar gaba ɗaya, ko FL Studio ASIO, wanda ke barin sauran manhajoji su yi sauti amma jinkirinsa ya fi yawa. Akwai kuma tarko ɗaya da sababbin shiga ke faɗawa: Microsoft GS Wavetable Synth, ɗan injin sautin da ke zuwa da Windows, yana da jinkiri mai yawa a ginin jikinsa, kuma wanda ya gwada sabon fiyanonsa da shi zai ɗauka kayan ne ba su da kyau. Wani abin lura shi ne kwamfutocin Windows ba iri ɗaya ba ne. Direban wayales ko na batir a wata kwamfutar hannu yana iya riƙe kwakwalwar na ɗan lokaci har sauti ya riƙa ƙaƙƙatsewa, alhali wata mai ƙarfi iri ɗaya tana tafiya sumul. Manhajar LatencyMon tana nuna wannan cikin 'yan mintoci.

Labarin ya fara sauyawa. Microsoft ya sake gina sashen MIDI daga tushe da sunan Windows MIDI Services, tare da tallafin ƙungiyar masu ƙera kayan kiɗa ta Japan, AMEI, kuma ya fara ba masu gwajin Windows 11 shi a Fabrairun 2025. A sabon tsarin babbar manhajar ce ke riƙe da ƙofa kamar yadda Mac ke yi, manhajoji da yawa suna raba na'ura ɗaya har da waɗanda aka rubuta da tsohuwar hanya, ana iya sauya wa ƙofa suna, kuma akwai ƙofofin cikin gida. Sai dai na Windows 11 ne kaɗai. Windows 10 ta daina samun tallafin yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman kwakwalwar Intel ta zubi na takwas zuwa sama, ko makamanciyarta ta AMD. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu na gwanjo da ke kasuwanninmu sun girmi wannan, don haka wanda ya sayi irinsu zai ci gaba da zama da tsohon tsarin ƙofa ɗaya manhaja ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai saye ya tambayi zubin kwakwalwar kafin ya tambayi girman ma'aji.

A Linux, ƙofar tana hannun mai kwamfutar ne, da alherin hakan da wahalarsa. Sashen sauti na cikin zuciyar Linux, mai suna ALSA, yana ba da hanyoyi biyu. Ɗaya ɗanya ce, manhaja ta kama na'ura kai tsaye ta riƙe ita kaɗai kamar a tsohuwar Windows. Ɗayar kuma tamkar allon haɗa wayoyi take, inda kowace na'ura da kowace manhaja ke da bakin shiga da na fita, mutum ya haɗa wanda ya ga dama da wanda ya ga dama, fiyano ɗaya ya ciyar da manhajoji biyar idan an so. A saman wannan aka gina JACK, wanda Paul Davis, marubucin manhajar Ardour, ya fara a farkon shekarun 2000, kuma shi yana tafiyar da saƙonnin MIDI a cikin zagayen sauti ɗaya, ta yadda saƙon da wata manhaja ta aika wa wata zai faɗa daidai kan gutsuren sautin da aka nufa. Ta fuskar daidaiton lokaci tsakanin manhajoji wannan tsari yana da kyau ƙwarai. Aibinsa shi ne shekaru da yawa ƙofofin ALSA da na JACK ba sa ganin juna sai an kunna wata gada mai suna a2jmidid, kuma nan ne sababbin shiga da yawa suka karaya.

PipeWire, aikin Wim Taymans, shi ya zo ya haɗe waɗannan duka. Fedora ta mayar da shi tsarinta na asali a 2021, Ubuntu ta biyo baya a 2022, cikakken zubinsa na farko kuma ya fito a Nuwamban 2023. Yanzu mutum yana jona fiyano, ya buɗe manhajar qpwgraph, ya ga akwatuna da layuka, ya ja layi daga fiyano zuwa manhaja. Har yanzu akwai saitin da ake buƙata domin a ba manhajar kiɗa fifiko a kan sauran ayyukan kwamfuta, amma nau'o'in da aka shirya domin kiɗa, irin su Ubuntu Studio da AV Linux, suna zuwa da shi a shirye. Wani alherin da ba a cika ambata ba shi ne direbobin Linux suna cikin zuciyar manhajar ne, kuma akwai dogon jerin tsofaffin na'urorin Yamaha da Roland da aka rubuta musu kulawa ta musamman a ciki. Na'urar da kamfaninta ya daina fitar mata da direba a sabuwar Windows ko macOS tana iya ci gaba da aiki a Linux da zarar an jona ta.

Inda Linux ta gaza ba a haɗin ba ne, a manhajojin ne. Babu FL Studio, babu Cubase, babu Ableton Live, babu Pro Tools, babu Logic da aka yi domin ita. Akwai Ardour da Reaper da Bitwig Studio da Qtractor da LMMS, kuma ukun farko suna iya ɗaukar cikakken aikin situdiyo, amma wanda ya shekara goma hannunsa ya saba da FL Studio, kuma abokan aikinsa suna turo masa ayyuka a tsarinta, sauyawar ba ƙaramin abu ba ce. Fulogin ɗin Windows da yawa suna tafiya ta hanyar Wine da yabridge, manhajojin da ke sa abin da aka rubuta wa Windows ya yi aiki a Linux, sai dai waɗanda ke da tsauraran matakan kare lasisi sukan ba da wahala, kuma sabuntawa ɗaya na iya rushe abin da ke aiki jiya. Manhajojin da kamfanoni ke bayarwa domin kula da kayansu ma ba sa zuwa nan. Yamaha Expansion Manager, wadda ake shirya ƙarin sautuka da ita domin manyan samfuran PSR, ta Windows da Mac ce kawai.

Ita kanta manhajar kiɗa tana da nata hali a kan abin da babbar manhaja ta miƙo mata, kuma wannan hali yana bin ta duk inda ta je. Reaper ba ta sauraron kowace na'ura sai an shiga saiti an kunna ta da hannu. Ableton Live tana ba kowace ƙofa makunni daban-daban, na karɓar kiɗa, na daidaita gudu, da na sarrafa maɓallan manhajar. Cubase takan saurari duk ƙofofi a haɗe sai an zaɓi ɗaya. FL Studio tana aiki da lambobi: a ba fiyano lambar ƙofa, a ba fulogin lamba iri ɗaya, su haɗu. Wanda ke son ɗaukar rakiyar da PSR ke kaɗawa da kansa, wato ganguna da bes da sauran sassa, zai tarar cewa a tsarin salon Yamaha sassan nan takwas suna zaune ne a tasoshi na 9 zuwa 16, don haka sai ya buɗe layi takwas, kowanne yana sauraron tasha ɗaya, ya kuma sa ɗaya ya bi agogon ɗaya, domin agogon MIDI yana bugawa sau 24 a kowane bugun kiɗa kuma idan kowa yana bin nasa za su rabu a hanya. Idan kwamfuta za ta mayar wa fiyano saƙon da ya aiko, sai a kashe Local Control, wato saitin da ke sa maɓallan fiyano su kaɗa sautinsa kai tsaye, a jikinsa, in ba haka ba kowane maɓalli zai yi sauti sau biyu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sauya babbar manhaja zai gyara.

MIDI 2.0, wanda aka amince da shi a 2020, bai kamata ya zama dalilin zaɓi ba tukuna. Ya faɗaɗa ma'aunin ƙarfin dannawa daga matakai 128 zuwa 65,536, ya kai tasoshi 256, ya kuma ba kowane sauti damar lanƙwasa shi kaɗai ba tare da ya ja sauran ba, abin da zai amfani mai son kwaikwayon jan goge ko yadda kalangu ke hawa da sauka idan an matse igiyoyinsa. macOS ta karɓe shi tun Big Sur a 2020, Linux a zubi na 6.5 a 2023, Windows kuma da sabon tsarin da aka ambata. Amma kayan da ke magana da shi, irin su Roland A-88MKII da Korg Keystage, kaɗan ne, kuma fiyanon da ke situdiyoyinmu da tsohon harshen yake magana.

Akwai abubuwa biyu da suka fi ƙarfin manhajojin uku duka. Na farko shi ne wayar nan mai arha mai mayar da tsohon rami mai allura biyar zuwa USB, wadda ba ta da sunan kamfani. Da yawansu ba su da ɗan abin da ƙa'idar MIDI ta tanada domin raba lantarkin na'urori biyu, suna zubar da saƙonni idan an danna maɓallai da yawa tare, sauti ya maƙale ya ƙi tsayawa, kuma suna lalata dogayen saƙonnin da ake tura saitin fiyano da su. Waya irin Roland UM-ONE ta fi tsada amma tana kawar da wannan duka. Na biyu shi ne wuta. Idan fiyano da kwamfuta da lasifika suna kan janareta ko layin da ba shi da kyakkyawar wayar ƙasa, wayar USB takan ɗauko wani tsiririn ƙara ta zuba a lasifika, kuma ɗaukewar wuta na ɗan lokaci tana sa fiyano ya ɓace daga manhaja. A Mac da Linux yakan dawo da kansa idan ya sake kunnuwa, a tsohuwar Windows kuwa sau da yawa sai an sa manhajar ta sake neman na'urori, ko a rufe ta a buɗe. A inda wuta ba ta da tabbas wannan ɗan bambanci yana cin lokaci fiye da yadda ake zato, kuma ya sa kwamfutar hannu mai lafiyayyen batir ta fi ta tebur.

Idan aka zo ga zaɓi, ni dai ina ganin a fara da manhajar kiɗa da kayan da ke hannu, babbar manhaja ta biyo baya. Mai fiyano ɗaya da FL Studio ko Cubase, wanda shi ne halin mafi yawan situdiyoyi, ba shi da dalilin barin Windows, domin matsalar raba ƙofa ba ta cika taɓa mai na'ura ɗaya da manhaja ɗaya ba. Kuɗin da zai ƙara ya sayi Mac gara ya sa shi a akwatin sauti mai direban ASIO na kansa da kwamfutar da za ta ɗauki Windows 11. Mai kayan kiɗa uku ko huɗu na waje, ko mai kiɗa a dandamali inda ba a da lokacin rufe manhaja a sake buɗewa a gaban jama'a, ko mai son Logic, shi ne Mac za ta biya masa kuɗinta, da sharaɗin kayansa masu bin ƙa'idar bai-ɗaya ne ko kamfanoninsu na sabunta direba. Linux kuma ta dace da wanda ke da tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, ko makarantar da ke son koyar da haɗa kiɗa ba tare da kuɗin lasisi ba, ko mai tsofaffin na'urorin da aka daina kula da su, muddin yana shirye ya koyi Reaper ko Ardour kuma ba ya dogaro da fulogin ɗin da ba su da zubin Linux.

Ko wacce aka zaɓa, gwajin da ya fi kowane bayani amfani shi ne a ɗauki fiyanon da akwatin sautin a je da su wurin mai sayar da kwamfutar. A jona, a sa bafa a 256, a buɗe fulogin mai nauyi a kaɗa da hannu biyu na minti goma ana sauraron ƙaƙƙatsewa. Sannan a zare wayar USB ana tsakiyar aiki a mayar, a ga ko fiyanon ya dawo da sunansa na da, a kuma buɗe manhaja ta biyu a ga ko ita ma tana jin maɓallan. A maimaita duka wannan sau ɗaya da caja a jiki, sau ɗaya kuma a kan batir kaɗai, domin kwamfutocin hannu da yawa suna rage gudun kwakwalwarsu da zarar an zare caja.